INA NAMUN DAJI SUKA TAFI? YADDA ZA A AUNA AMSOSHIN DA A KE BAYARWA

Gabatarwa

A daren Litinin, 9 ga watan Satumba na 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya kwararo cikin birnin Maiduguri, ya mamaye unguwanni da dama, cikinsu har da Abbaganaram da Gwange, ya kai har fadar Mai Martaba Shehun Barno. Mutane masu ɗimbin yawa suka bar gidajensu ba shiri. Ruwan ya kuma ratsa gidan ajiye namun daji na Sanda Kyarimi, inda hukumar gidan ta ba da sanarwa cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa kadoji da macizai sun bi ruwa sun shiga unguwanni. Har an ga jimina tana ratsa ruwa a kan titi.

Yaran Abbaganaram na yau ba su san jimina ba sai a bayan waya. Amma a zamanin kakanninsu, jimina da gwanki da giwa da barewa suna kiwo a dajin Sambisa, kudu maso gabas da birnin, tafiyar da ba ta kai ta yini guda a mota ba. Daga fadamun wannan daji ne kuwa kogin Ngadda ya ke tasowa, bayan kogin Yedzeram da na Gombole sun haɗu. Watau ruwan da ya shiga ɗakunan mutane a wannan dare, ta mazaunin namun daji ya biyo.

In aka tambayi jama'a inda waɗannan dabbobi suka tafi, kowa yana da amsa, kuma kowace amsa tana da daɗin ji. An shirya wannan ɗan littafi ne domin ya nuna wa mai karatu hanya guda ta auna irin waɗannan amsoshi, ko daga bakin wa suka fito: manomi ne, ko maharbi, ko ma'aikacin gandun daji, ko mai jawabi a rediyo. Dalili kuwa shi ne, a kan irin waɗannan amsoshi a ke yanke shawarar inda za a kashe kuɗin jama'a, da wanda za a hana sana'arsa, da gonar da za a tasa.

Dutsen Murhu Na Uku

Kowace uwargida ta san tukunya ba ta zama a kan duwatsu biyu. Wanda ya tsaya a gaban murhu, biyu ya ke gani, na ukun yana baya, tukunya ta kāre shi. Amma in aka zare shi, sai miya ta kife. Haka hujja ta ke. Mai magana ya kan faɗi dalilinsa, ya faɗi hukuncin da ya yanke, amma akwai wata magana ta uku wadda ya ɗauka kowa ya yarda da ita, don haka bai furta ta ba. Ita ce a ke nufi da zaton da ba a faɗa ba.

Alal misali, mutum ya ce: "Hadari ya taso daga gabas, saboda haka yau za a yi ruwa." Dalilinsa gaskiya ne, kowa yana ganin hadarin. Amma hukuncin ba zai tsaya ba sai in an yarda cewa duk hadarin da ya taso daga gabas yana zubar da ruwa. Da zarar an furta wannan a fili, ko yaron gona zai ce ba haka ba ne, domin ya sha ganin iska ta watsa hadari.

Wannan ba sabon ilmi ba ne a ƙasar nan. Malamai na Barno da na ƙasar Hausa sun daɗe suna karanta ilmin manɗiƙi, watau ilmin auna hujja. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har musayar baitoci ya yi da Shehu Suyuɗi na Masar yana kāre wannan fanni. Amma ba sai mutum ya yi zurfin karatu zai iya amfani da shi ba. Abin da a ke bukata shi ne, ya ware dalili gefe, ya ware hukunci gefe, sa'an nan ya tambayi kansa: mene ne tilas ya zama gaskiya kafin wannan dalili ya kai ga wannan hukunci? In ya samo shi, sai ya faɗe shi cikakke, da kalmar "duk" ko "kullum" ko "kaɗai" wadda ta kan ɓuya a cikinsa, ya gwada shi da abin da aka sani.

Ya kamata a lura cewa mai ɓoye dutse na uku ba lalle ne maƙaryaci ba. Babu mai iya faɗin kome da kome in yana magana, kuma sau da yawa dutsen da ke baya lafiyarsa ƙalau. Sai dai shi ne wanda ba a dubawa, shi ya sa in ya tsage ba a sani ba sai tukunya ta faɗi.

"Sun Ƙara Gaba Ne"

Amsar da aka fi ji ita ce: "Ai daji ba ya ƙarewa. Da aka share nan aka yi gonaki, dabbobin sun ƙara gaba, suna can Kamaru ko Cadi." Dalilin gaskiya ne, an share. Hukuncin shi ne dabbobin suna nan da ransu a wani wuri. Abin da ba a faɗa ba shi ne: kullum akwai wani daji a gaba, babu mai shi, kuma yana da ciyawa da ruwan da za su ishi baƙi.

A zamanin da, wannan zato yana kusa da gaskiya, shi ya sa ya zauna a zukatan mutane. Amma ƙidayar 1963 ta nuna mutanen Nijeriya miliyan 55 da 'yan kai ne, ta 2006 ta nuna miliyan 140, yanzu kuwa sun haura miliyan 200. Maƙwabta ma haka suka ƙaru. Dabbar da ta tsallaka iyaka ta nufi gandun Waza na Kamaru, ba wurin da babu matsala ta tarar ba. A 1979 aka gina madatsar Maga a can, ambaliyar kogin Logone wadda ke shayar da fadamun gandun ta ragu ƙwarai, ciyawar rani ta mutu, mariya da sauran dabbobin fadama suka ragu, har sai da aka fara sake sakin ruwa a 1994.

Akwai kuma abin da makiyayi zai fi kowa ganewa. Dabbar daji ba wuri guda ta ke bukata ba. Tana da wurin damina, tana da mashayar rani, tana da hanyar da ke tsakaninsu. In aka nome burtali, makiyayar da ke wannan bakin da wadda ke wancan bakin duk sun zama ba su da amfani ga shanu, ko da ba a taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka ya ke ga giwa da gwanki. Saboda haka mai lissafin yawan dajin da ya rage kaɗai, ba tare da duba ko guntayen suna haɗe da juna ba, shi ma yana da nasa zaton a ɓoye.

"Ga Giwaye Nan Sun Yi Yawa"

A watan Disamba na 2019, ma'aikatan agaji da ke cikin jirgi mai saukar ungulu suka hangi garken giwaye wajen 250 kusa da Rann, a Ƙaramar Hukumar Kala-Balge. Labarin ya bazu har ƙasashen waje. Wasu suka ce: "Rikici ya kori mutane daga ƙauyuka, daji ya farfaɗo, giwaye sun hayayyafa." Manoman yankin, waɗanda giwaye ke tattake wa masakwa a kan firki, su ma su kan ce giwaye sun yi yawa, amma su da ɓacin rai su ke faɗa, kuma asararsu ta gaske ce.

Dutse na uku a nan shi ne: yawan da aka gani a wuri guda yana nuna yawan da ke cikin ƙasa duka. Babu wanda ya isa ya gane raunin wannan zato kamar mutanen Maiduguri. Tun daga 2014, da mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Marte suka yi gudun hijira, birnin ya cika maƙil. Magidancin Abbaganaram da ya sauki 'yan'uwa iyali uku a gidansa bai taɓa cewa mutanen Barno sun ƙaru ba. Ya san matsi ne ya tara su. Giwa kuwa tana ɗaukar ciki wata 22, ɗa guda ta ke haifa, kuma sai bayan shekara huɗu ko biyar ta ke sake haihuwa. Dabba mai irin wannan haihuwa ba ta ninka yawanta cikin 'yan shekaru kaɗan.

Akwai wani zaton kuma a bayan wannan, watau duk inda manomi ya tashi, dabba ta sami lafiya. Dajin da manoma suka bari ba kango ya zama ba. Akwai bindigogi a ciki, da nakiyoyi, da gobara, da masu neman nama.

Bambancin yana da muhimmanci ga manomin Kala-Balge kansa. In giwaye ƙaruwa suka yi, maganin da zai zo wa mutane a rai shi ne a rage su. In kuwa matsi ne ya turo su cikin gonaki, harbe goma ba zai hana sauran dawowa baɗi ba, domin abin da ya koro su yana nan. Maganin sai ya koma ga sanin hanyarsu, da sanar da manoma kafin su iso, da shawara tsakanin hukumomin Nijeriya da na Kamaru, tun da gandun Chingurmi-Duguma na wannan gefe yana maƙwabtaka da na Waza.

Tabkin Cadi Da Shekarar Da Aka Fara Lissafi

Babu maganar da aka fi maimaitawa a tarurruka kamar wannan: "Tabkin Cadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100, saboda haka yana gab da ɓacewa." Alƙaluman da a ke kawowa ba ƙarya ba ne. A 1963 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1972 zuwa 1974, tabkin ya rabu biyu, na arewa da na kudu. Bayan farin 1983 zuwa 1985, ruwan da a ke gani a sarari ya koma wajen murabba'in kilomita 2,000. Mutanen Baga sun ga bakin ruwa yana yi musu nisa shekara bayan shekara.

Amma wannan hujja tana zaune a kan zato biyu. Na farko, cewa girman 1963 shi ne girman tabkin na asali. Na biyu, cewa abin da ya fara raguwa zai ci gaba da raguwa har ya ƙare.

Na farkon bai tsaya ba. Shekarun 1950 da farkon 1960 shekaru ne na ruwan sama mai yawa ƙwarai a duk yankin, watau an fara awo ne daga lokacin da tabkin ya ke kan ganiyarsa. Wani hafsan Faransa mai suna Tilho, wanda ya auna tabkin a farkon ƙarni na 20, ya tarar da shi ƙarami, gefen arewa ya zama fadama da busasshiyar ƙasa. Tabki ne marar zurfi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga cikinsa daga kogin Shari da na Logone ya ke fitowa, daga can kudu, Afirka ta Tsakiya da Kamaru. In damina ta yi kyau a can, ya kan faɗaɗa da sauri, in ta gaza, ya kan janye da sauri. Wanda ya auna kogin Ngadda a watan Satumba, ya sake aunawa a watan Afrilu, ya ce kogin ya kusa mutuwa, ba a ce ya yi ƙarya a kan awonsa ba, amma an san inda ya kuskure.

Na biyun ma bai tsaya ba. Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna cewa tun daga shekarun 1990 tabkin ya daina janyewa, har ya ɗan farfaɗo, kuma ruwa mai yawa yana kwance a ƙarƙashin ciyayi inda ido ba ya ganinsa daga sama. A 2022 da 2024 ma ambaliya ce ta dami mutanen bakin tabkin.

Wannan zato na farko ya taɓa cin kuɗin ƙasa. An tsara babban shirin noman rani na kudancin tabkin, mai hedkwata a New Marte, domin ya shayar da kadada 67,000, bisa ga tsayin ruwa na shekarun 1960. An buɗe shi a 1979. Kafin a yi nisa, ruwa ya janye daga bakin babbar magudanar da aka haƙa, injuna suka tsaya. Injiniyoyin sun iya aikinsu, lissafinsu na siminti da famfo daidai ne. Abin da ya faɗi shi ne maganar da babu wanda ya ga bukatar rubutawa, watau tabkin zai zauna inda aka same shi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tun da tabkin bai ɓace ba, dorina da kada da gauraka suna lafiya. Wannan ma wani tsalle ne. Da ruwa ya janye, mutane suka bi shi, suka kafa ƙauyuka a kan tsohon gindin tabkin, suka shuka masara da wake, abin da ya ceci dubban iyalai daga yunwa. Da ruwa ya dawo, ya tarar da gonaki da taru da jiragen masunta a inda da can babu kowa. Dawowar ruwa daban, dawowar mazaunin dabba daban.

Darbejiya

Baƙon da ya shigo Maiduguri, abin da ya ke fara yabawa shi ne inuwa. Titunan birnin a jere su ke da darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro. Asalinta daga Indiya ne, wajen 1928 aka kawo ta Barno, ta kuwa karɓi ƙasar. Saboda haka a kan ji ana cewa: "An sare itatuwa dubu, an dasa dubu, an mayar da abin da aka ɗauka."

Abin da ba a faɗa ba shi ne: itace itace ne, kowanne yana maye gurbin kowanne. Ga mai neman inuwa ko mai son tare iska da rairayi, wannan ya kusa zama gaskiya, kuma dashen itatuwa aiki ne mai kyau wanda ya kamata kowa ya sa hannu a cikinsa. Amma ga namun daji ba haka ba ne. Barewa tana cin 'ya'yan aduwa da na bagaruwa da suka zubo. Raƙumin dawa ganyen itatuwa masu ƙaya ya ke ci. Birai da tsuntsaye suna bin kanya da magarya da tsamiya, kowace da lokacin nunarta, ta yadda in wannan ta ƙare waccan ta fara. Zuma da wasu tsuntsaye a kogon tsohuwar kuka su ke zama, kuka kuwa ba ta yin kogo a zamanin mutum guda. Ga kuma ciyawa da sarƙaƙiya na ƙasa inda gada da zabin daji ke ɓuya. Jerin darbejiya ko na turare, iri guda, shekara guda, ƙasa a share, ba ya ba da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun bi wata hanya tun daga tsakiyar shekarun 1980, wadda su ke kira sassaben zamani. In sun zo sharar gona, ba su tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura, sai su zaɓi masu ƙarfi su gyara su, su bar su su girma. Ta haka gawo da kalgo da sauran itatuwan ƙasar suka dawo a kan kadada wajen miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, ba tare da gandun renon tsirrai ba.

Ungulu Ba Ta Rasa Gida Ba

Wani lokaci kuma masu kishin daji ne ke yin kuskuren. Su kan ce: "Wannan dabba ta ɓace, saboda haka an lalata mazauninta." Zaton shi ne, rashin mazauni ne kaɗai ke kawar da dabba.

Ungulu ta isa misali. Dattawa sun san lokacin da babu mahautar da ba a ganin ungulaye jere a kan rufinta. Mahautu suna nan, har sun ƙaru, amma ungulu ta yi wuyar gani, kuma tun 2015 aka sa irin wadda aka saba gani a garuruwa cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Abin da ya ci ta a Afirka ta Yamma shi ne guba da a ke sa wa mushe, da kuma cinikin kanta da sassan jikinta a kasuwannin magani. A Indiya kuwa wani maganin ciwon jiki da a ke yi wa shanu allurarsa ne ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar, har aka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Gauraka ma, bayan raguwar fadamu, kamun da a ke yi mata don ajiyewa a gidajen masu hali ya taimaka wajen ƙarar da ita. Annobar bushiya ta 1983, wadda ta yi wa shanun Nijeriya ɓarna, ta kashe ɓauna da gadu a daji. Da za a keɓe wa ungulu daji mai faɗin Jihar Barno, ba zai cece ta daga mushe mai guba ba.

Wa Ya Ci Dajin?

In aka zo neman mai laifi, yatsa ya kan nuna mai itace da mai gawayi, waɗanda a ke gani da kura ko a mota suna shigowa birni. "Su ne ke sare daji, a kama su, daji zai huta." Wannan hujja ta ɗauka cewa mai sayarwa ne tushen cinikin, kuma masu saye suna da wani abin da za su dafa abinci da shi. Amma kowane dami da ya shigo Abbaganaram, akwai tukunyar da ke jiransa. An janye tallafin kananzir a 2016, iskar gas kuwa ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Da yawa daga cikin masu shiga daji neman itace a shekarun nan 'yan gudun hijira ne da suka rasa gonakinsu, kuma da ransu a hannu su ke shiga. In aka kama mutum goma alhali tukwane suna nan, abin da zai faru shi ne kuɗin dami ya tashi, wasu goma su maye gurbinsu. Murhu mai rage cin itace, da sauƙin samun wani makamashi, su ne ke taɓa tushen.

Kusa da wannan akwai masu cewa: "Dabba ba ta rayuwa sai an tashi mutane an kewaye wurin." Ga zaki da wasu dabbobi, akwai gaskiya a ciki, don haka ne aka kafa Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tabkin Cadi a 1991. Amma kalmar "sai" ta yi faɗi. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma sun ƙare a ko'ina, ban da yankin Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 suka rage. Ba a cikin shinge su ke ba, a cikin gonakin gero da wake na talakawa su ke yawo. Aka hana harbinsu, aka sa mutanen ƙauyukan suna samun amfani daga masu zuwa kallo da kuma taimakon rijiyoyi da rance. Yawansu ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a Jihar Maraɗi.

Komawa Ga Kogin Ngadda

Bayan ambaliyar 2024 an ji masu cewa: "Sare dajin Sambisa ne ya jawo wannan." Maganar tana da tushe. An san cewa ƙasa mai itatuwa da fadama ta kan riƙe ruwan sama ta sake shi sannu a hankali, ƙasar da aka tsiraita kuwa ta kan tura shi gaba ɗaya, tare da yashi da laka waɗanda ke taruwa a gindin madatsa su rage mata ciki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa mai cewa "a zaɓa, ko mutane ko dabbobi" ya ɗauka bukatunsu ba su taɓa haɗuwa, alhali fadamar da gwanki ke sha ita ce ke rage wa kogin gudu kafin ya iso birni.

Amma mai son daji ma sai a duba nasa dutsen. Domin a ce sare daji ne ya jawo ambaliyar, tilas a yarda cewa da dajin yana nan yadda ya ke, da madatsar ta jure. An gina madatsar Alau a tsakiyar shekarun 1980, kuma ruwanta ya taɓa cin Maiduguri a 1994, shekara 30 kafin wannan karo. Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa ƙwarai a duk yankin, daga Nijar har Cadi. Jikin ginin kansa ya tsufa yana bukatar gyara. Ga dalilai uku ke nan, kuma kowanne yana da nasa magani: na ɗaya gyaran gini, na biyu shirin gargaɗi da kwashe jama'a a kan lokaci, na uku kiyaye fadamu da itatuwan da ke saman kogin.

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da kuɗin sake gina madatsar, aka kuma ƙaddamar da aikin. Sabon gini zai amsa dalili na ɗaya. Rabon da sare daji ya ke da shi a cikin al'amarin kuwa abu ne da a ke iya aunawa: kaurin yashin da ya taru a gindin tabkin Alau, da kuma yawan sa'o'in da ruwa ke ɗauka daga fadamun Sambisa zuwa bakin madatsar bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi.